Maganin rage ƙiba na ganye da lafiyar hanta: tambayoyin da ake yawan yi mana a Katsina

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Katsina. Tambayoyin nan na tattaro su ne daga wurin aiki, daga gidajen biki da suna, da kuma waɗanda ke turo mini hoton roba ta WhatsApp suna cewa, "Anti, duba mini wannan, yana da kyau?" Abin da ya zaunar da ni na rubuta su wuri guda shi ne 'yar ƙanwar mahaifiyata. Tana gama wankan jego ta fara shan wani kafso na rage tumbi, ba a yi wata biyu ba idonta ya koma ruwan ɗorawa. Allah ya tashi kafaɗunta, amma mun ga tashin hankali, kuma ba na so wani gida ya ga irinsa.

Me ake nufi da maganin rage ƙiba na ganye?

Duk abin sha da ake sayarwa da sunan zai narkar da kitse ko ya sa tumbi ya faɗa, ake kuma cewa daga tsiro aka yi shi. Akwai shayi na 'yar jaka, akwai kofi, akwai kafso a roba mai hoton siririyar mace, akwai gari da ake ƙullawa a leda a ce a zuba a kunu ko nono, akwai jiƙo a jarka wanda babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. Wasu daga Sin ko Indiya ko Amurka ake shigo da su, wasu a tsakar gida ake haɗa su. Ana samunsu a kemis, a shagunan magungunan Musulunci, a babbar kasuwa da hannun dillalai masu shiga gida-gida. Amma kasuwarsu mafi girma yanzu tana cikin waya, a TikTok da Instagram da WhatsApp: a tura kuɗi, ɗan acaɓa ya kawo har ƙofar gida.

Don tumbi na sha, ina ruwan hanta a ciki?

Hanta tana ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma nauyinta a jikin baligi ya kai kusan kilo 1.5. Kusan duk abin da hanji ya tsotsa, abinci ne ko magani, jini yana bi da shi ta hanta kafin ya zagaya sauran jiki. Ita ke sarrafa shi, ta ajiye mai amfani, ta mayar da mai guba abin da zai iya fita ta fitsari ko bayan gida. Ita ke yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo, ita ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Saboda haka duk kafson da kika haɗiya, hanta ce zangonsa na farko.

Wani sinadarin wurin sarrafa shi ne yake rikiɗa ya zama abin da ke kashe ƙwayoyin hanta. Wani kuma garkuwar jiki yake tunzurawa ta far wa hantar da kanta. Abin da ke ba ni tsoro shi ne haƙurin hanta: takan daɗe tana shan wahala mutum bai ji ciwon komai ba, sai ɓarnar ta yi nisa sannan ido ya nuna.

Ai ganye ne zalla, ba sinadarin Bature ba. Ta yaya ganye zai cutar da mutum?

Wannan ce tambayar da na fi ji, kuma amsarta tana bayan gidajenmu. Zaƙami tsiro ne. Tinya tsiro ce, tunfafiya ma haka, kuma babu uwar da za ta bar ɗanta ya sa nononsu a baki. Rogo mai ɗaci abinci ne, amma idan ba a jiƙa shi an sarrafa shi yadda ya kamata ba yana kisa. Masu maganin gargajiya na asali sun fi kowa sanin haka, shi ya sa 'yar mai ganye ta gaskiya takan ce rabin ludayi, kwana uku, a dakata. Ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu. Abin da nake ƙi shi ne a ce kalmar "ganye" kaɗai ta isa shaidar cewa abu ba ya illa.

Abu na biyu, yawancin kafson nan ba ganyen ba ne kamar yadda Allah ya fito da shi. A masana'anta ake tatse sinadari guda daga tulin ganye, a busar da shi, a cusa a ƙwaya ɗaya. Abin da mutum zai samu a kofuna da yawa na shayi sai ya haɗiye shi a lokaci guda, safe da yamma, wata da watanni.

Abu na uku, ba kullum abin da ke rubuce a jikin roba ne ke cikinta ba. Masu bincike a Amurka sun auna irin waɗannan kayayyaki 272 da suka karɓa daga hannun masu raunin hanta, suka tarar kashi 51 cikin 100 abin da ke ciki bai dace da rubutun jikinsu ba. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama shayi da kofi na rage ƙiba da aka ɓoye sibutramine a ciki, maganin Bature da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Idan haka ta faru da mai roba da tambari, ina ga garin da aka ƙulla a leda?

Waɗanne sinadarai ne aka fi kamawa da wannan laifi?

Na gaba-gaba shi ne tataccen koren shayi, wanda babban sinadarinsa ake rubuta shi EGCG. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa shan miligiram 800 ko fiye na EGCG a rana ta hanyar kafso yana tayar da ma'aunin raunin hanta a jini. Sai Garcinia cambogia, ɗan itace da ake samu a Indiya da kudu maso gabashin Asiya, wanda sunansa ya cika jikin robobin rage ƙiba, kuma an samu waɗanda hantarsu ta gaza bayan shansa. Akwai sinadarin usnic acid, wanda ya sa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yi gargaɗi kan maganin rage ƙiba mai suna LipoKinetix a 2001. Akwai ganyen germander da Faransa ta haramta a 1992 bayan ya kumbura hantar masu shansa don rage ƙiba.

Wanda mutanenmu ba su zata ba shi ne kurkum. Wanda ake barbaɗawa a miya ko shinkafa ba shi da matsala. Amma kafson kurkum da aka haɗa da tataccen masoro wani abu ne daban, domin masoron yana sa jiki ya tsotsi sinadarin kurkum ninkin-ba-ninkin, kuma an samu raunin hanta da dama daga gare shi a Italiya da Amurka.

To, koren shayin da nake dafawa da safe fa, in daina?

Sha abinki, 'yar'uwa. Masu shan dafaffen koren shayi yadda aka saba suna samun EGCG tsakanin miligiram 90 zuwa 300 a rana, a hankali, cikin ruwa, galibi tare da abinci. Haɗarin yana wajen tatacce na kafso ko gari. Sai dai ki karanta jikin kwalin: idan an rubuta cewa shayin na rage tumbi ne, to da wuya ya zama koren shayi kaɗai, sai ki duba amsar da ke ƙasa kan shayi mai sa gudawa.

Da gaske an taɓa mutuwa saboda wannan, ko dai tsoratar da mu ake yi?

An mutu, kuma a rubuce yake. A watan Mayun 2009 hukumar FDA ta ce a daina shan maganin rage ƙiba mai suna Hydroxycut bayan rahoto 23 na mummunan rauni, ciki har da rasuwar wani matashi ɗan shekara 19, aka janye shi daga kasuwa aka sake masa haɗi. A 2013 wani irinsa mai suna OxyElite Pro ya haddasa ɓarkewar ciwon hanta da ta faro daga jihar Hawai: an ƙirga mutum 97, an kwantar da 47 a asibiti, aƙalla 3 sai da aka yi musu dashen hanta, mutum 1 ya rasu. A 2002 ƙwayoyin rage ƙiba da aka shigo da su daga Sin sun lalata hantar mutane a Japan da Singafo, wasu suka rasa rayukansu.

Cibiyar da ke bin diddigin raunin hanta daga magunguna a Amurka ta ga kason da ganyayyaki da ƙarin abinci ke haddasawa ya tashi daga kusan kashi 7 zuwa kusan kashi 20 cikin 100 a shekara goma, daga 2004. Can suna da tsarin da zai gano asalin ciwon ya rubuta. A wurinmu idan mace ta rasu da ido ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce ta ci ƙarfinta, a yi addu'a, a share ɗakinta, robar ta tafi bola ba wanda ya tambayi abin da ke ciki.

Ƙawata ta sha wata shida lafiya lau, har ta rage. Me zai sa ni ya cutar da ni?

Gaskiya ne mafi yawan masu sha ba sa kamuwa, kuma wannan ne ke sa a yarda da mai talla. Amma hanta ba iri ɗaya ba ce. An gano cewa mafi yawan waɗanda tataccen koren shayi ya ji wa rauni suna ɗauke da wata alamar gado a garkuwar jikinsu mai suna HLA-B*35:01, kuma an sake ganin ta a masu rauni daga Garcinia da kafson kurkum. Babu yadda za a yi ki san kina da ita ta kallon madubi ko ƙarfin jiki. Ƙari a kan haka, robar da ƙawarki ta saya bara ba lallai haɗinta ya zama ɗaya da wadda za a kawo miki bana ba. Ita ma ɗin, lafiya lau da ido ne; sai gwajin jini zai faɗi halin da hantarta ke ciki.

Waɗanne alamomi zan lura da su?

Na farko-farko masu ruɗarwa ne, domin sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko taifod: kasala mai nauyi, tashin zuciya, amai, rashin son abinci, ɗan zazzaɓi, nauyi ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Rashin son abincin nan shi ya fi yaudara. Mai sha sai ta yi murna ta ce maganin ya fara aiki, mai sayarwa ma ta ce mata kitse ne ke narkewa, ta ci gaba. 'Yar'uwata sati biyu ta yi a haka, har ta ƙara yawan ƙwayar.

Sai fitsari ya yi duhu kamar shayi ba madara, ko da ana shan ruwa sosai. Bayan gida kan yi fari-fari kamar farar ƙasa, jiki ya riƙa ƙaiƙayi ba ƙuraje, musamman da dare. Sannan ido. Kada a duba ido a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki. A fito tsakar gida da hantsi, a ɗaga fatar ido ta sama, mutum ya kalli ƙasa, a dubi farin. A bakin ƙofar kicin na riƙe fuskar 'yar'uwata na yi mata haka, na ga abin da su da ke kwana gida ɗaya da ita ba su lura da shi ba.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida ko da tsakar dare ne: yawan barci da rana, ruɗewa ko sambatu, haɓo, jini daga dasashi, aman jini, baƙin bayan gida, kumburin ciki ko ƙafa. Waɗannan suna nuna hanta ta fara gazawa, sai sashen gaggawa.

Bayan kwana nawa da fara sha ciwon ke bayyana?

Galibi tsakanin 'yan makonni zuwa wata uku, wani lokaci har wata shida. Yana iya fitowa bayan an daina sha da wasu makonni. Don haka idan likita ya tambaya, ki faɗi duk abin da kika sha a wata shida da suka wuce, har wanda ya ƙare tuni. Wadda ta taɓa kamuwa kuma ta koma wa maganin, ciwon yakan dawo da sauri, ya fi na farko tsanani.

Na ga wasu alamun a jikina. Me zan yi yau?

Ki daina sha yanzu, ba sai robar ta ƙare ba, kuma ba a rage shi a hankali. Ki tattara komai a leda ɗaya: robar, kwalin, ragowar garin, da duk wani magani ko tsimi ko kayan mata da kike sha tare da shi. Ki tafi asibiti da su a yau. Kada ki tsaya a kemis a haɗa miki na maleriya da taifod ba gwaji, kada kuma ki riƙa shan farasitamol don kasala ko zazzaɓi sai likita ya ce, domin shi ma ta hanta yake bi, kuma yawansa guba ne gare ta.

Ina roƙonki ki faɗa wa likita gaskiya. Na ga mata da yawa suna ɓoyewa saboda miji na tsaye, ko don kunyar a ce suna neman ramewa. Babu gwajin da ke nuna kai tsaye cewa ganye kaza ne ya yi ɓarnar. Da bayaninki ake ganewa. Idan ba za ki iya faɗa a gaban wanda ya rako ki ba, ki ja ma'aikaciyar jinya gefe ki raɗa mata.

Tsofaffi sun ce shawara ce, a jiƙa mini rawaya. In sha?

Shawara alama ce, kuma abubuwa da yawa ke kawo ta: ƙwayar cutar hanta, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, toshewar hanyar matsarmama, ko raunin magani irin wanda muke magana a kai. Ba a san wanne ba ne sai an gwada. Idan ganye ne ya raunata hantar, ƙara mata wani jiƙon ƙarin aiki ne ga gaɓar da ke neman hutu, kuma kwanakin da za a ɓata ana jiran jiƙo ya yi aiki su ne kwanakin da suka fi tsada. Na san ba abu ne mai sauƙi ba mace ta ƙi abin da uwar miji ko kaka ta miƙo mata da ƙauna. Ki ce, "Hajiya, a bari a auna jinin tukuna, in ya so sai mu san abin da muke magani." Mafi yawan iyayenmu suna karɓar wannan.

Wane gwaji ake yi, kuma ina zan je a Katsina?

Babban gwajin shi ne na aikin hanta, wanda ake rubuta LFT a takardar asibiti. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu. A sakamakon za ki ga ALT da AST, waɗanda ke tashi idan ƙwayoyin hanta na fashewa. A mai lafiya galibi ba sa wuce 40, a mai raunin magani suna iya haura 1,000. Za ki ga ALP, mai nuna matsalar hanyar matsarmama, da bilirubin, sinadarin da ke rina ido. Akwai kuma INR, gwajin daskarewar jini, wanda ya fi sauran nuna ko hanta na iya aikinta. Likita zai sa a duba ciwon hanta nau'in B da C, wani lokaci da A da E, a yi hoton ciki, domin sai an kawar da sauran dalilai ake ɗora laifin a kan maganin.

A cikin birni akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Mutanen Daura, Funtuwa, Malumfashi ko Dutsin-Ma su fara da babban asibitin garinsu, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba. Wadda ta daɗe tana sha ko da ba ta jin komai, ita ma ya kamata ta daina ta yi LFT sau ɗaya.

Akwai lambar NAFDAC a jikinsa. Ba shi ke nan ba?

Ya fi wanda ba shi da ita, amma a fahimci ma'anarta. Yawancin magungunan ganye lambar jeri ake ba su, wadda ke ƙarewa da harafin L. Tana nufin an duba samfurin da aka kai ta fuskar guba da tsafta, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana rage ƙiba. Shi ya sa ake wajabta rubuta a jikinsu cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Irin raunin da ke kama mutum ɗaya cikin masu yawa, kamar yadda na bayyana a amsar ƙawar da ta sha lafiya, wannan dubawar ba ta iya hango shi. Sannan ana buga lambar bogi. Manhajar Greenbook ta hukumar tana ba da damar duba ko lambar ta dace da sunan kayan.

Shayin da nake sha yana sa ni gudawa, kuma sikeli ya nuna na ragu da kilo biyu a sati. Ba kitse ne ke fita ba?

Ruwa ne ke fita. Yawancin shayin rage tumbi da dangin filasko ake haɗa su, wasu da abin sa yawan fitsari. Kafin abinci ya isa babban hanji inda filasko ke aiki, jiki ya riga ya tsotse ƙarfin da ke cikinsa. Da zarar kin sha ruwa kin ci abinci kwana biyu, kilon zai dawo. Abin da ke tafiya da gaske shi ne gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke kawo kasala, ɗaurewar jijiya da rikicewar bugun zuciya. A zafin Katsina na watan Afrilu, gudawa kullum na iya taɓa ƙoda. An kuma samu raunin hanta a masu shan irin wannan ganye da yawa na tsawon lokaci.

Su wa ya kamata su nisanci waɗannan magunguna gaba ɗaya?

Na farko, mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ke nan a taron mata hamsin a gidan biki, ana iya samun huɗu da hantarsu ke fama tun kafin su haɗiyi komai. Idan rauni ya sauka a kan irin wannan hanta, ba ta da rarar ƙarfin da za ta jure. Wanda bai taɓa gwadawa ba ya gwada, in ba ya ɗauke da ita ya yi allurar rigakafi, sau uku ake yi.

Sai mai ciki da mai shayarwa, da yara da 'yammata masu tasowa, da mai shan maganin tarin fuka, farfaɗiya ko ƙanjamau, domin wasu daga cikinsu dama suna da nauyi a kan hanta. Haka mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon ƙoda, da mai shan giya. Masu jego su nake ji wa tsoro fiye da kowa, saboda su 'yan talla suka fi bi. Tumbin haihuwa yakan ɗauki watanni kafin ya koma, kuma shayarwa kanta tana taimakawa.

Mai sayarwa ta ce in sha da sassafe kafin in karya, ko lokacin sahur. Haka ne?

Wannan shawarar tana ƙara haɗari. Idan ciki babu abinci, jiki yana tsotsar EGCG fiye da yadda zai tsotsa bayan an ci. Mai azumin Ramadan, ko na Litinin da Alhamis, da ta haɗa shi da kafso ko shayi mai sa gudawa, ta haɗa yunwa da ƙishirwa da sinadari a kan hanta ɗaya. Kada kuma a ɗauka shan sa bayan cin abinci ya wanke shi daga haɗari.

Hantar da ta ji rauni tana warkewa?

Alhamdu lillahi, mafi yawa suna warkewa idan an daina da wuri, domin hanta tana iya sake gina kanta. Ma'aunin jini yakan fara sauka cikin makonni, ya daidaita cikin wata ɗaya zuwa uku, wasu har wata shida. Ana maimaita LFT har sai ya koma daidai, kuma ba a komawa wa maganin har abada. Na 'yar'uwata sai a wata na uku ya dawo.

Amma idan raunin ƙwayoyin hanta ya kai ga ido ya rine, likitoci sun daɗe da sanin cewa kusan 1 cikin 10 na iya rasuwa ko ya buƙaci dashen hanta. Ƙoda idan ta gaza akwai injin wanki da ke riƙe mutum shekaru, hanta ba ta da irinsa. Dashen kuma ba aikin da ake yi a asibitocinmu na nan ba ne. Masu hali Indiya ko Masar suke nufa, da kuɗin da yawancinmu ko gida da gona muka sayar ba za mu haɗa ba.

An yi mini hoto an ce ina da kitse a hanta. Ba sai in sha maganin wanke hanta da na rage ƙiba ba?

Malam, kai ne ma ya fi kamata ka yi hattara, tunda hantarka ta riga ta ɗauki kaya. Babu shayi ko jiƙon da aka tabbatar yana wanke hanta. Abin da aka tabbatar shi ne rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki a hankali yana rage kitsen da kumburin. Mai kilo 90 ke nan yana neman sauke kilo 6 zuwa 9 cikin watanni. Ramewar gaggawa tana iya haifar da tsakuwa a matsarmama. Ka sa a duba maka sukari da hawan jini, domin sukan zo tare, ka kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, saboda gubar da ke cikinsu tana da alaƙa da kansar hanta.

To, in na bar maganin, ta yaya zan rage?

Da abin da ke cikin kwanonki za a fara. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saurin da jiki ke ɗauka lafiya. Mafi sauƙin wurin farawa shi ne abin sha: kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan cokalin shayi 9 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce kimanin 12 a yini. Ki lissafa da wanda ke cikin zoɓo, kunun aya, fura da shayin safe. A rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye, a auna mai da cokali maimakon tuttulawa, a yawaita kwaɗon zogale da rama, wake, kabewa da kifi. Soye-soye su koma na lokaci-lokaci.

Motsa jiki minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar. Maza da yawa suna tattaki bayan Asuba ta wajen filin wasa na Muhammadu Dikko. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da sauri ko ta yi tsallen igiya kafin rana ta yi zafi. Wadda ƙibarta ta yi yawa, ko take tare da ciwon sukari, ta ga likita, akwai magungunan da aka gwada ake bayarwa ana bibiya. A kuma duba ko wani magani ne ya kawo ƙibar tun farko, irin su sha-ka-fashe da aka sha gabanin biki.

Ga mazaje kuma ina da magana. Da yawa daga matan da na gani gorin miji ne ya kai su ga robar nan, ko tsoron a yi musu kishiya. Matar da ta haifa maka 'ya'ya huɗu jikinta ba zai koma na amarci da kafso ba. Idan lafiyarta kake so, ka rage sayo lemo, ka fita tattaki tare da ita.

Idan an tabbatar maganin ne ya cutar da ni, ina zan kai ƙara?

Ki roƙi likita ko mai haɗa magani na asibitin ya cike takardar rahoton illar magani ta NAFDAC. Ke ma kina iya aikawa da kanki ta manhajar Med Safety, ko ki je ofishin hukumar na jiha. Ki adana robar, ki ɗauki hoton gaba da bayanta inda lambar haɗi da ranar lalacewa suke, ki ajiye shaidar tura kuɗi da saƙonnin da kuka yi da mai sayarwa. Da irin waɗannan rahotanni aka kai ga janye kayan da na ambata a amsar waɗanda suka mutu.

Ki sanar da mai sayarwar ma. Da yawansu mata ne masu neman na kansu, sari suke yi ba su san abin da ke ciki ba, wasu su ma suna sha. Sannan ki tuna wa kika taɓa ba shawarar ta saya. Da muka bincika bayan an sallamo 'yar'uwata, mun tarar mata uku a danginmu suna shan irin robar, ita ce ta haɗa su da mai kawowa. Washegari da safe muka ɗauke su a mota ɗaya muka kai su aka ɗebi jininsu.